Kafin Nijeriya ta gina tashar nukiliya, wa zai duba jak ɗin?

Duk lokacin da maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Nijeriya ta taso, abu biyu mutane ke fara ambata: bam da tururi mai guba. A majalisun hira na Ƙofar Marusa a birnin Katsina, da an ce nukiliya sai a tuno Hiroshima, masu bin labaran duniya kuma su ƙara da Canobil da Fukushima. Tsoro ne mai dalili. Amma wanda ya bi diddigin haɗurran da suka ci rayukan ma'aikata a cikin waɗannan tashoshi zai tarar da yawansu ba tururi ne ya kashe su ba. Injin ɗaga kaya ne ya karye, ko bututu ya fashe, ko ƙarfe ya kuɓuce daga inda aka ɗaure shi. Irin abubuwan da kowane bakanike da kowane magini a birnin Katsina ya sani ke nan.

Ranar 31 ga Maris 2013, a tashar nukiliya ta jihar Akansas da ke Amurka, ana fitar da wani sashe na janareto mai nauyin tan fiye da 500 domin gyara. An kafa injin ɗaga kaya na wucin gadi don wannan aiki kaɗai. Kayan na rataye a sama injin ya ruguje. Ma'aikaci ɗaya, matashi ɗan shekara 24, ya mutu nan take, takwas suka jikkata. Faɗuwar ta fasa bututun ruwan kashe gobara, ruwa ya shiga ɗakunan lantarki, tukunyar nukiliya ta biyu da ke aiki a lokacin ta kashe kanta. Da masu bincike suka zo, sai suka gano cewa lissafin da aka gina injin a kansa bai cika ba, kuma ba a gwada shi da nauyi ba kafin a ɗora masa kayan gaske. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci tarar kamfanoni huɗu. Babu ko ɗigon tururi da ya fita. An dai binne mutum.

Akwai wani aiki a irin waɗannan tashoshi da ya fi kowane nuna yadda rayuwar ma'aikaci ke rataye a kan lafiyar kayan aikinsa, shi ne duba jijiyoyin ƙarfe na ginin kariya.

Ginin kariya shi ne wannan katafaren rumbu na kankare mai ƙubba da ake gani a hotunan tashoshin nukiliya. A cikinsa tukunyar take. Amfaninsa ɗaya ne: idan wani abu ya ɓaci a ciki, tururi da matsin iska su tsaya nan, kada su fito gari. Kaurin bangon yakan wuce mita ɗaya. To amma kankare yana da hali: yana jure danniya ƙwarai, ba ya jure ja. Idan matsi ya taso daga ciki yana tura bango waje, kankare zalla tsagewa zai yi. Don haka injiniyoyi ke bin cikin bangon da bututu, su zura damin wayoyin ƙarfe a ciki, wasu a tsaye, wasu sun zagaye ginin, wasu sun haye ƙubba, sannan su ja su da ƙarfi su kulle bakinsu da kan ƙarfe. Ginin sai ya zauna a matse tun kafin wani abu ya faru. Jijiya guda takan ƙunshi waya 90, a wasu tashoshin har 163, kuma babbar jijiya tana riƙe da ja na sama da tan 600, dare da rana, shekara da shekaru. Gini ɗaya na da ɗaruruwan irinta. Kowace ɗaya kamar tsirkiyar baka take wadda aka ja aka riƙe ba a saki ba, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta ya tsaya ne a hanyar kibiya.

Ƙarfe yana saki a hankali, kankare yana motsewa, ruwa yana neman hanya. Shi ya sa dole a riƙa dubawa. A Faransa da ƙasashen da suka bi tsarinta akan cike bututun da siminti, sai a riƙa sa ido da na'urorin awo da gwajin matsin iska. A Amurka kuwa giris ake durawa, domin a iya buɗewa a gani da ido. Ƙa'idarsu ita ce a duba bayan shekara 1, da shekara 3, da shekara 5, daga nan kuma duk bayan shekara biyar har ƙarshen rayuwar tashar.

Ga yadda aikin yake. Ma'aikata sukan hau wani gadon ƙarfe da aka rataye a jikin ginin, mita da yawa daga ƙasa, ko kuma su sauka wani siririn rami da ya zagaye gindin ginin ta ƙarƙashi. Su kwance murfin jijiyar, su kwashe giris, su ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji a ga ko ruwa ko gishiri ya shiga. Su ƙirga kawunan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ta tsinke. Sannan a jawo jak mai aiki da mai, wanda nauyinsa shi kansa sai da sarƙa da ƙugiya ake ɗaga shi, a ɗaura a kan jijiyar, a fara bugawa har kan ƙarfen ya ɗan ɗago daga mazauninsa. Adadin da agogon awo ya nuna a daidai wannan lokaci shi ne ƙarfin da ya rage a jijiyar. Wasu jijiyoyin akan sassauta su gaba ɗaya, a zare waya guda a kai a ja ta har ta tsinke don a san ingancinta, a sake ɗaurewa, a dura giris mai zafi a rufe.

Mai faci yakan tsayar da iskar tayar mota a 32 ko 35 a agogonsa. Famfon irin wannan jak yana iya kaiwa 10,000 a ma'auni iri ɗaya. Idan tiyo ya sami huji wanda ido ba ya gani, man da ke fita yana huda safar hannu da fata ya shige cikin tsoka. Raunin kan yi kama da tsinin allura, mutum ya share ya ci gaba da aiki, bayan sa'o'i hannu ya kumbura, wani lokaci sai an yanke yatsa. Idan zaren da ya haɗa jak da kan jijiya bai shiga sosai ba, ko ya cinye, ƙarfe mai nauyi ne zai yi tsalle. Idan sarƙar da ke riƙe da jak ta gaji, waɗanda ke ƙasa ne za su ji a jikinsu. Ga santsin giris a kan gadon da ke lilo, ga zafi da ƙarancin iska a cikin rami. Saboda haka ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce kada ya kuskura ya tsaya a bayan jak muddin akwai matsi a ciki.

Akwai kuma haɗari na biyu wanda ba ya zubar da jini a ranar. Idan agogon awo ya yi ƙarya, za a rubuta cewa jijiya lafiya lau take alhali ta saki. Don haka ake gwada jak da agogonsa kafin a fara aiki, a sake gwada su bayan an gama, a tabbatar ba su canza a tsakani ba. Kayan da ake duba gini da su, su ma sai an duba su, kuma da takarda da kwanan wata da sa hannu.

Wannan duba ba al'ada ce kawai ba, tana kama ɓarna. A farkon 1985, a tashar Fali da ke jihar Alabama, an tarar da kawunan wasu jijiyoyi sun tsage, har da wanda ya fashe ya saki wayoyinsa, saboda ruwan da ya taru a cikin murfi ya sa ƙarfen ya yi gautsi. A 1997, a tashar Kalbat Kilifs ta jihar Meriland, masu duba sun gano tsinkakkun wayoyi da tsatsa ta ci a saman jijiyoyin tsaye. A duka biyun an gyara kafin wani abu ya faru, domin an buɗe an duba.

Labarin da ya fi dacewa shugabanninmu su karanta shi ne na tashar Kiristal Riba a jihar Fulorida. A 2009 kamfanin da ke da tashar ya so ya canza manyan tukwanen tururi, wanda ke buƙatar a yanke ƙofa a jikin ginin kariya. An yi irin wannan aiki a tashoshi da dama lami lafiya, ta hannun ƙwararrun kamfanoni da suka saba. Kamfanin da ke da tashar kuwa sai ya zaɓi ya jagoranci aikin da kansa don ya rage kashe kuɗi. Kafin a yanke bango dole a sassauta jijiyoyin da ke wurin, kuma yawan waɗanda za a sassauta da jerin da za a bi su ne ƙashin bayan aikin. A watan Oktoba na shekarar aka ga bangon ya rabu gida biyu daga ciki. Bincike ya danganta abin da yawan jijiyoyin da aka sassauta da kuma tsarin da aka bi. Aka shafe fiye da shekara ana gyara. A watan Maris 2011, ana sake ɗaure jijiyoyin, wani ɓangaren ya sake rabuwa. Da aka ƙiyasta cewa gyara zai ci tsakanin dala biliyan 1.5 zuwa sama da biliyan 3, sai a watan Fabrairu 2013 aka sanar da rufe tashar har abada. Tasha ce mai ba da megawat sama da 800. Garin neman gira aka rasa ido.

A Mihama ta ƙasar Japan kuwa, ranar 9 ga Agusta 2004, bututun ruwan zafi ya fashe a ɗakin injin. Kaurinsa na asali milimita 10 ne, ya cinye har bai kai biyu ba, kuma ba a taɓa auna wannan gurbi ba tun da tukunyar ta fara aiki a 1976, don ya faɗi daga jerin wuraren dubawa. Mutum biyar suka mutu, shida suka ƙone. Dukkansu ma'aikatan ɗan kwangila ne da suka shigo shirya kayan duba tashar.

Wannan batu na ɗan kwangila yana da muhimmanci. A kusan ko'ina, ba ma'aikacin dindindin mai katin asibiti da fansho ke hawa gadon ƙarfe ba. Wanda aka ɗauko na makonni ne, wanda ya san in ya yi magana ba za a kira shi a zagaye na gaba ba. Makwabtanmu na Nijar sun san wannan. Mutanen Maradi da Damagaram da Tawa da yawa sun yi aiki a ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan, kuma da aka rufe kamfanin Kominak a ƙarshen Maris 2021, ma'aikatan 'yan kwangila ne suka fi kokawa a kan haƙƙin sallama da duba lafiyarsu bayan barin aiki.

To ina Nijeriya take a wannan zance? Ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. Tun 1976 aka kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa, kodayake sai 2006 ta fara aiki sosai. Hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, wadda dokarta ta fito a 1995, ta kama aiki a 2001. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin da ke aiki tun 2004, kuma a 2018 aka canza mata makamashi zuwa wanda ba a iya haɗa bam da shi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Masanan Zariya sun riƙe ta shekara ashirin ba a ji wani mummunan labari ba, kuma sun cancanci yabo. Sai dai ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai ne kacal, ta bincike ce, ba ta da irin wancan gini mai jijiyoyi. Abin da gwamnati ta daɗe tana magana a kai daban ne: manyan tukwane masu megawat 1,200 kowace, a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta jihar Akwa Ibom, da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, har da ta 2017. Irin wannan tukunya ce Masar ta fara ginawa a Daba'a a 2022, kuma ginin kariyarta na ciki kankare ne da aka ɗaure da jijiyoyin ƙarfe. An tsara ta ta yi shekara 60. Yaron da ke aji ɗaya na firamare yau, jikansa na iya zama cikin masu duba ta.

Mai wannan rubutu ba ya adawa da lantarkin nukiliya. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar, layin wutarta na durƙushewa sau da dama a shekara, ba ta da hujjar raina kowace hanya ta samun wuta. Tambayar ita ce ko muna da ɗabi'ar da irin wannan aiki ke bukata, kuma ba a ofisoshin Abuja ake gane amsar ba.

A tsaya a bakin titi a Ƙofar Marusa, ko kowace ƙofa ta birnin nan, a kalli garejin da ya fi kusa. Mota a ɗage, jak ɗaya tak ke riƙe da ita, mai na tsatsafowa daga wuyansa, an tokare tayar baya da rabin bulo. Yaro ɗan shekara sha biyar na kwance a ƙasa a kan kwali da sifana a hannu. Yakan ce, "Maigida, jak ɗin nan yana saki fa." Amsar da aka saba ji ita ce, "Kai dai yi sauri, yanzu za mu sauke." Mafi yawan ranaku ana saukewa lafiya. Ranar da ba a sauke lafiya ba, sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi ta'aziyya, jak ɗin kuma ya koma ƙarƙashin wata motar. Maigidan ba mugu ba ne, shi ma haka aka koya masa, kuma sabon jak da ƙafafun tokare kuɗi ne da cinikin ranar bai kawo ba. Amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma jak mai yoyo sababi ne da ido ke gani.

Abin da ke faruwa a garejin shi ke faruwa a manyan wurare, kuɗin ne kawai ya fi yawa. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, akasarinsu leburori. A ƙarshen Agusta 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut a Kano, a tsakiyar kasuwar waya. Ga gadojin sama da na ƙasa da ake ta ginawa a biranen Arewa, har da Katsina, kuma gadoji da yawa na zamani da irin wannan fasaha ta jan waya ake ƙera ginshiƙansu na kwance. Gadar Morandi ta birnin Jenowa a Italiya, wadda ta faɗi a Agusta 2018 ta kashe mutum 43, tsatsa ce ta ci wayoyinta a ɓoye cikin kankare. Ya kamata jama'a su san wa ke duba namu, da wane kayan aiki, kuma ina rahoton yake.

Ba doka muka rasa ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa gwada sarƙoƙi da igiyoyi da injunan ɗaga kaya lokaci-lokaci, wasu duk wata shida, a kuma ajiye rajista. A 2018 an ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman kan kayan ɗaga nauyi. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF. Tun 1994 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda ya hango haɗari ga ransa. Duk suna nan a takarda. Amma tarar da tsohuwar dokar masana'antu ta tanada 'yan dubban naira ce, ba ta kai kuɗin cika tankin mota ba, masu duba masana'antu kuma ba su da yawan da za su zagaya ƙasar. Leburan da ke ɗaukar kwanon kankare zuwa hawa na uku bai taɓa jin cewa yana da haƙƙin cewa ba zai hau ba.

Za a ce ai Rashawa ne za su gina, su ne za su kawo ƙwararru. Gaskiya ne, na ɗan lokaci. Katsinawa sun ga yadda dogaro da ƙwararren waje yake a Lambar Rimi, inda aka kafa injunan iska 37 don samar da megawat 10. Bayan an sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamba 2012, komai ya tsaya, aka shafe shekaru ana jan ƙafa, kayan na lalacewa a fili. Injin iska in ya tsaya, asarar kuɗi ce da wuta. Tashar nukiliya ba a barin ta ta jira. Kuma ko da baƙi sun zauna, masu ɗaura tiyo da masu jan sarƙa da masu hawa gado 'ya'yanmu ne, waɗanda suka fito daga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da makarantun koyon sana'a da garejin unguwa. Abin da suka saba da shi za su shiga da shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Saboda haka shirin nukiliya na gaskiya ya kamata ya fara da abubuwan da ba a yanka musu ƙyalle. Majalisar Tarayya ta sabunta dokar lafiya da tsaron ma'aikata, da tara mai zafi, da kariya a fili ga duk wanda ya dakatar da aiki saboda kayan aiki sun lalace, ko na dindindin ne ko na ɗan kwangila. A samar da ɗakunan gwajin jak da sarƙa da agogon awo a Arewa, a jami'o'i da kwalejojin fasaha, yadda ɗan kwangila a Katsina ba sai ya aika kaya Legas ko Fatakwal ba. Hukumar sa ido kan nukiliya ta sami kasafin da ba ya hannun waɗanda take sa wa ido, ta kuma riƙa wallafa rahoton kowane haɗari, ƙarami ko babba, kamar yadda takwararta ta Amurka ke yi. Ta wannan hanya ce ma duniya ta san abin da ya faru a Fali da Akansas.

Gwamnatin jihar Katsina kuwa ba sai ta jira Abuja ba. Tana iya sa sharaɗi a kowace kwangilar gada da bene cewa sai an nuna takardar gwajin kayan ɗaga nauyi kafin a biya kashin farko, a kuma ba injiniyan ma'aikatar ayyuka ikon tsayar da aiki ba tare da tsoron kiran waya daga sama ba. Ƙungiyoyin makanikai da magina da masu walda su ma suna da ƙarfin da ya fi na sufeto, domin su ke yaye yara, su ke sasanta rigima tsakanin mambobinsu. Idan shugabanninsu suka yanke cewa daga yau ba yaron da zai shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafar ƙarfe, kuma duk maigidan da ya saɓa zai biya tara, za a bi. Su fara da wannan a taronsu na gaba.